Ruwan Komowa: Lissafin da Ke Gaban Mai Hawan Dutsen Hamada

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar hamada da sassafe, ranar da ƙura ta kwanta, ya hango dutse daga nesa, ya san irin yaudarar da ido ke yi a can. Babu laima a iska, babu bishiya ko gida tsakaninka da dutsen da za ka auna nisa da su. Sai ka ɗauka kafin hantsi ka isa gindinsa. Ka yi awa uku kana tafiya, dutsen yana nan yadda ka fara ganinsa, ko kaɗan bai ƙara girma ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma a nan gindin dutsen ma ba shi ne birnin ba, ƙofar gari ce kawai.

Masu sha'awar hawan duwatsu sun saba auna dutse da tsawonsa, kuma a ganina wannan ma'aunin ba ya aiki a hamada. Emi Kusi da ke tsaunukan Tibesti a arewacin Chadi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Sahara, mita 3,415 ne. Tahat na tsaunukan Hoggar a kudancin Aljeriya bai kai mita 3,000 ba. Dutsen Katrina a Sina'i mita 2,629 ne, Jabal Uwainat kuwa, inda iyakokin Masar da Libiya da Sudan suka haɗu, ko mita 2,000 bai cika ba. Ka ajiye su gefen Kilimanjaro mai mita 5,895, wanda dubban mutane ke hawa kowace shekara, sai su zama kamar ƙanne. Amma Kilimanjaro yana da hanya shararriya, da zango-zango, da 'yan dako, da ruwan da ake ɗebowa a kan hanya. Dutsen hamada mai nisa ba shi da ko ɗaya. Abin da zai kai ka sama ya dawo da kai lafiya, kusan dukkansa, a bayanka kake goye da shi, kuma mafi nauyinsa ruwa ne.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, babu dabarar da za ta rage wannan. Mutumin da ke hawa da kaya cikin zafi yakan zubar da lita guda ta gumi a awa, wani lokaci fiye. Abin da ke ruɗar baƙo shi ne ba ya ganin gumin. Iskar ta bushe har tana shanye shi kafin ya gangaro, sai dai da yamma ka ga farin gishiri ya zana taswira a bayan rigarka da kuma inda igiyar jaka ta kwanta a kafaɗa. Idan jiki ya rasa ruwan da ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wato kusan lita ɗaya da rabi ga mai kilo 70, ƙarfi ya fara raguwa, tunani ma ya fara yin nauyi. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin da tunanin ne za ka zaɓi inda za ka sa ƙafa.

An daɗe ana cewa mutum yana iya horar da jikinsa ya saba da ƙarancin ruwa, kuma har yau akwai masu alfahari da cewa su ba sa shan ruwa a hanya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masanin aikin jiki Edward Adolph na Jami'ar Rochester ya bi sojojin Amurka da ke atisaye a hamadar Kalifoniya yana auna su, ya nuna cewa wannan magana ba ta da tushe. Jiki yana sabawa da zafi, haka ne, cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma sabon da yake yi shi ne ya fara gumi da wuri kuma ya yi shi da yawa. Wanda ya saba da zafi ya fi baƙo buƙatar ruwa ke nan. Adolph ya kuma lura cewa mai aiki cikin zafi ba ya shan abin da ya zubar ko da ruwan yana gabansa, domin ƙishirwa takan makara. Gefe guda kuma akwai wanda ke ta kwankwaɗar ruwa zalla ba ya cin komai, gishirin jininsa ya tsinke, ya fara ciwon kai da jiri da amai, abokan tafiya su zaci ƙishirwa ce su ƙara ɗura masa. Shi ya sa abinci mai gishiri yake cikin lissafin ruwa.

Yanzu ga inda lissafin ke cin kansa. A ce daga inda mota ko raƙumi ya tsaya zuwa ƙololuwa kilomita 8 ne, hawan kuma mita 1,200. Akwai tsohuwar ƙa'ida da wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kafa a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Bisa ita, zuwa da dawowa bai wuce awa biyar da 'yan mintuna ba. Sai dai Naismith a kan tuddan ƙasarsu masu ciyawa da sanyi ya yi awonsa. A cikin busasshen kwari mai yashi da ke nutsar da ƙafa, da tulin manyan duwatsu da sai an zagaya ko an haura ɗaya bayan ɗaya, da tsayawa neman hanya, wannan tafiya tana iya cin awa goma ko sha biyu. Awa goma na nufin lita shida, takwas, ko fiye. Ka ɗauki lita takwas, jakarka ta ƙara kilo takwas. Nauyi ya rage maka sauri. Rashin sauri ya ƙara maka awoyi a rana. Awoyin su ƙara maka buƙatar ruwa. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: jaka mai nauyi tana janyo mutum baya a daidai wurin da yake buƙatar ya manne da dutse.

Masu gogewa ba su warware wannan ƙulli da ƙarfi. Suna zuwa a lokacin sanyi. Suna tashi cikin dare da fitilar goshi, yadda rana za ta same su sun riga sun yi sama, inda iska ta fi sanyi, domin zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a kowace mita 1,000, a busasshiyar iska ma har ya kusa goma. Kuma suna ajiye ruwa a hanya: gora biyu a gindin kwazazzabo, ɗaya a wuyan dutse, a ƙarƙashin inuwa, da alamar da za su gane. Wannan ruwan na komowa ne, ba a taɓa shi a hawa ko da maƙogwaro ya bushe.

Wani zai ce ai duwatsun hamada suna da ruwa. Suna da shi. A cikin tsagoginsu akwai kwarmin dutse da ke tara ruwan sama ya ajiye shi watanni a inuwa, abin da Larabawan Sahara ke kira gelta. Wasu ba sa ƙafewa sam, kamar ta Arshe a tsaunukan Ennedi na Chadi, inda har yanzu ake samun 'yan kadoji da suka rage tun zamanin da Sahara take da koguna. Amma yawancinsu sai yadda ruwan bara ya yi, kuma taswira ba ta san ko an yi ruwa bara ba. A kudancin jihar Arizona ta Amurka, kusa da iyakar Meziko, akwai wani wuri da ake kira Tinajas Altas, jerin irin waɗannan kwarmuka ne hawa-hawa a jikin dutse. Na ƙasa shi ke fara ƙafewa. Na sama suna da ruwa, amma sai an hau sulɓin dutse kafin a kai gare su, kuma matafiyan da suka iso a galabaice da yawa a gindin suka mutu, ruwa yana bisa kansu. A nan ne a watan Agustan 1905 masanin kimiyya W. J. McGee ya tsinci wani mai neman ma'adinai, Pablo Valencia, da ya yi kusan mako guda ba ruwa, ya iso da rarrafe, jikinsa duk yanka amma ba ya zubar da jini saboda bushewa. Ya rayu, kuma labarinsa ya shahara ne domin irinsa ba sa rayuwa. Abin da nake ɗauka daga wannan wuri shi ne ƙishirwa da hawa ba matsaloli biyu ba ne: ƙishirwa ce ke ƙwace maka ƙarfin hawan da zai kai ka ga ruwa.

Hawan kansa yana da wani matsayi na tsaka-tsaki da ya kamata a fahimta. Akwai tafiya a kan dutse, inda ƙafa kaɗai ke aiki. Akwai hawan bango da igiya da ƙugiyoyi, inda kowa ya san yana cikin haɗari kuma ya ɗaure kansa. Tsakaninsu akwai abin da zan kira hawan dafe, inda sai ka sa hannu ka dafa, ka kama, ka ɗaga jiki, amma ba ka ɗaure da komai ba. A Amurka suna da ma'auni mai mataki biyar: na ɗaya tafiya ce a hanya, na uku shi ne inda hannu ya shigo, na huɗu inda faɗuwa kan iya zama ajali, na biyar sai da igiya. A Birtaniya hawan dafen kansa suka kasa mataki uku. Yawancin duwatsun hamada da ake kaiwa ƙololuwarsu ba tare da kayan hawan bango ba suna da ɗan wuri na mataki na uku ko na huɗu, wani lokaci bai fi tsawon gida mai hawa biyu ba. Sauƙinsa ne haɗarinsa. Bai yi wuyar da zai sa ka tsaya ka fito da igiya ba, bai kuma yi sauƙin da zai yafe maka kuskure ɗaya ba.

Kuma dutsen hamada ba ya riƙe amana kamar na wuraren da ake yawan hawa, inda dubban hannaye suka riga suka ɓamɓare duk abin da zai ɓamɓaru. Zafin rana da sanyin dare da gishirin da ke shiga tsaga suna ta aiki a kansa shekaru aru-aru. Dutse mai tauri da ake kira giranit yakan yi ɓawo kamar albasa, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, alamar bayansa rami ne. Dutsen yashi, irin na Wadi Rum a Jodan, yana kama tafin takalmi da kyau idan ya bushe, amma gefunansa kan gutsure a hannu, in kuwa ya sha ruwa sai ya yi laushi har ciki ko da samansa ya bushe. A tsaunukan da aman wuta ya gina, kamar Tibesti, tsakuwa ce mai kaifi da ke zamewa, ka taka uku ka dawo biyu. Don haka ake ƙwanƙwasa mariƙi kafin a ba shi nauyi, a danna shi ƙasa maimakon a fizgo shi waje, a bar gaɓoɓi uku a kafe yayin da ɗaya ke motsi. Ba a kuma jera mutane a kwazazzabo wani a saman wani, domin dutsen da ƙafar na sama ta tunkuɗo kan na ƙasa yake nufa. Hannu ma ba a cusa shi ramin da ido bai leƙa ba. Inuwar da kake nema, kunama da maciji sun riga ka samunta.

Ni inda na fahimci wannan al'amari da jikina wani falalen dutse ne da bai fi mita shida ba. Da safe na haye shi ba tare da na ko tsaya ba, ido yana ganin kowane mariƙi a gabansa, jiki da sauran ƙarfi. Da la'asar na dawo kansa daga sama, sai na ga wani wuri dabam. Babu mariƙi ko ɗaya da nake gani, sai gefen dutsen da ya lanƙwasa ya ɓace, da kwarin can ƙasa. Dole na juya na fuskanci dutsen, na saki ƙafar dama tana lalube a iska, tana neman 'yar tsagar da na san na taka da safe amma ban san ko tana dama ko hagu ba. Gwiwata ta hagu ta fara rawa ita kaɗai. Harshena ya manne da dasashi. Abokin tafiyata da ya riga ni sauka ne ya riƙa gaya mini in ƙara ƙasa kaɗan, in matsa hagu kamar taƙi ɗaya, har ƙafar ta samu wurin zama. Abin da na hau cikin minti biyu ya ci mini kusan ashirin.

Dalilin a fili yake. Idon mutum yana sama, kusa da hannu, nesa da ƙafa. A hawa, ido yana gaba yana share hanya. A sauka, ƙafa ce ke gaba, kuma makauniya ce. Ga gajiya, ga ƙishirwa, ga rana ta juya inuwa ta koma wani gefen har alamomin da ka riƙe sun sauya kama. Saboda haka ƙa'idar da na fi yarda da ita a hawan dafe ita ce kada ka hau abin da ba ka tabbata za ka iya saukowa ta kansa ba, kuma ka riƙa waiwaye a kowane lungu kana haddace yadda hanyar take daga sama. Daga ƙololuwa kwazazzabai biyar za ka gani suna gangarawa, duk kamarsu ɗaya. Huɗu daga ciki suna iya ƙarewa a bakin busasshen magangarar ruwa mai tsawon mita talatin, sumul kamar an goge. Wanda ya zame ya sauka ƙaramin mataki ɗaya ko biyu da ba zai iya komawa ta kansu ba kafin ya iso wannan baki, ya shiga tarko: gaba babu, baya babu. Ɗan tarin duwatsun da mutane ke jerawa a matsayin alama yana taimako, amma bai kamata a bi shi ido rufe ba, domin wanda ya ɓata ma yakan jera nasa.

Sanyi da ambaliya ba sa zuwa ran mai shirin hamada, alhali suna kisa. A tsaunukan Hoggar da Tibesti ruwa yana daskarewa da dare a lokacin hunturu, kuma wanda dare ya kama a sama da rigar da ya hau da ita zai kwana yana karkarwa. Ambaliya kuwa ba ta buƙatar a yi ruwa a kanka. A watan Agustan 1997 mutum 11 suka mutu a matsattsen kwarin Antelope na Arizona, sakamakon ruwan da ya sauka can nesa da su, ya taru a kan dutsen da ba ya shan ruwa, ya antayo ta kwarin. Shimfiɗaɗɗen yashin tsakiyar kwari ya fi ko'ina daɗin kwana, kuma shi ne wurin da bai kamata a kwana ba.

Sai maganar nisa da mutane. A gefen gari, targaɗe abin jinya ne na mako biyu. A wuyan dutsen da ke nesa da mota da tafiyar yini, da saura lita biyu a jaka, targaɗe na iya zama ƙarshen labari. A 2003 wani dutse ya faɗo ya danne hannun wani mai hawan duwatsu, Aron Ralston, a wani kwari na jihar Utah ta Amurka, ya kwana biyar a maƙale har sai da ya yanke hannun da kansa. Ƙwararre ne, kuma kuskurensa mafi girma bai shafi hawa ba: bai gaya wa kowa inda za shi ba, don haka babu wanda ya san inda zai nema. Yanzu akwai 'yan na'urori masu aika kiran gaggawa ta tauraron ɗan'adam, kuma duk mai zuwa irin wannan wuri ya kamata ya riƙe ɗaya. Amma na'urar saƙo kawai take kaiwa. Ko akwai jirgi mai saukar ungulu da zai taso, wannan ya danganta da ƙasar da kake. A tsakiyar Sahara amsar sau da yawa ita ce babu, a Tibesti ma har da sauran nakiyoyin da aka binne tun yaƙin Chadi da Libiya na shekarun 1980.

Shi ya sa ban ga hikimar raina jagora ɗan ƙasa ba, kamar yadda wasu masu taƙama da na'urar nuna hanya ke yi. Na'ura ta san inda kake. Ba ta san geltar da ta ƙafe bana ba, ba ta san kwarin da aka binne wa nakiya ba. Lokacin da Bature Wilfred Thesiger ya hau Emi Kusi a 1938, a kan raƙuma ya isa can, mutanen ƙasar suna nuna masa hanya. Hanyoyin da baƙi ke bi yau zuwa saman Jabal Rum, dutsen da ke Wadi Rum, Badawiyyawa mafarautan awakin dutse ne suka gano su tun da daɗewa, suna hawa ba igiya, suna sanin kowace tsaga da sunanta.

To me ke kai mutum? Ni dai shirun wurin ne na farko, shirun da har bugun jininka kake ji a kunne. Sannan waɗannan duwatsu tsibirai ne da suka riƙe abin da hamada ta haɗiye. A Hoggar akwai zaitun na daji da suka rage tun lokacin da ƙasar take kore. A Uwainat, inda yau shekaru kan wuce ba a ga ruwan sama ba, jikin duwatsu cike yake da zanen shanu da raƙuman dawa da makiyaya suka bari kafin ƙasar ta bushe kimanin shekaru 5,000 da suka wuce. Ka zauna a inuwar da wani ya zauna yana kallon garkensa, ka duba inda garken ya yi kiwo, ka ga yashi har iyakar gani. Irin wannan wuri ya cancanci a bar shi yadda aka same shi: ba a taɓa zanen, ba a wanka ko wanki a gelta da dabbobi da makiyaya ke sha.

Duk wannan lissafi yana taruwa ne a kan shawara guda, wato lokacin juyawa. Ana yanke ta a ƙasa, da daddare, ciki a ƙoshe, kai a sanyaye: ƙarfe kaza, ko idan ruwan jaka ya sauka zuwa kaza, za mu juya ko ina muke. Dole a yanke ta tun a can domin mutumin da zai tsaya a wuyan dutse da tsakar rana ba shi ne wanda ya yi shirin ba. Ya gaji, ruwan jikinsa ya ragu, ya kashe kuɗi da kwanaki kafin ya zo, ga ƙololuwa yana gani kamar ya miƙa hannu, kuma ido na yi masa ƙaryar da ya yi masa da safe. Zai ce saura minti ashirin. Sau da yawa in ya kai can sai ya tarar wani ƙoli ne a gaba, na gaskiyar yana bayansa.

Wanda ya kai a kan lokaci ma ba ya daɗewa. A saman yawanci babu komai sai tarin duwatsu, wani lokaci da 'yar gwangwani mai littafi a ciki, inda za ka ga sunan ƙarshe an rubuta shi shekara biyu ko uku da suka wuce. Ka sha ruwa, ka ci wani abu, ka dubi hamada ta kowace kusurwa. Daga nan sai ido ya koma ƙasa yana neman bakin kwazazzabon da aka fito ta cikinsa, da baƙin dutsen nan mai tsaga biyu inda aka ajiye gora.